Gwaggo ta ce in ƙona littafin, ƙawayena sun ce in buga shi

Anti, barka da aiki. Ni Kirista ce, shekarata 27, kuma na kammala rubuta labarina na farko, na soyayya, wanda na kafa shi a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Jarumar nas ce mai tsoron Allah. Wani dare aka kawo mata wani saurayi da harbi a kafaɗa, ashe ɗan shugaban wani gidan Mafiya ne, wato ƙungiyar asiri ta manyan masu laifi. Ya kamu da sonta, ya sa yaransa suka ɗauke ta zuwa gidansu na bakin teku, wai don kada abokan gabarsa su taɓa ta. Tana can tana yi masa addu'a har zuciyarsa ta karaya, ya shiga majami'a ya durƙusa yana kuka ya tuba. A babin ƙarshe aka ɗaura musu aure suka zauna a wannan gidan.

Na ba 'yan ƙungiyarmu ta karatu su duba kafin in kai a buga, sai kansu ya rabu. Yawancinsu sun ce ba su iya ajiye shi ba. Wata har cewa ta yi Allah ya ba ta miji irin jarumin, ko da yake wasu sun ce bayan ya tuba ya zama lami, sun fi sonsa da can. Wasu biyu kuma sun ce bai dace Kirista ta rubuta irin wannan ba. Gwaggona, wadda ita ta riƙe ni, ta karanta rabi ta ajiye, ta karanta mini Filibiyawa 4:8, ayar da ta ce a riƙa tunani a kan abin da yake na gaskiya da tsarki, ta ce na yi wa Shaiɗan kwalliya, in ƙona shi. Amma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne aminiyata, wadda 'yan daba suka kashe wa yaya. Ta mayar mini da takardun ba yabo ba fallasa, tambaya ɗaya kawai ta yi mini: "Mai shagon nan da aka harbe a babi na uku, matarsa ina ta shiga?" Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Anti, zunubi na yi? Maganar wa zan bi?

Ƙanwata,

Kada ki ƙona shi. Kada kuma ki kai shi a buga yadda yake. A cikin duk waɗanda suka karanta, wadda ta yi miki aikin da kika nema ita ce aminiyar da kike jin ciwonta, kuma zan dawo kanta. Bari in fara da masu yabon, domin maganarsu ce ta fi daɗi a kunne, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro.

Abin da ya ja su ba ɓoyayye ba ne, kuma ban ga dalilin da za a tsangwame su a kai ba. Namijin da duniya ke rawar jiki a gabansa amma yake sassauta murya idan ya zo gaban mace ɗaya, wannan tsohon mafarki ne, kuma irin labaran nan a kansa suke rayuwa. Mace tana son ta ji an zaɓe ta, an tsare ta, akwai mai tsaya mata. Ke kuma kin ƙara masa wani abu da ke taɓa zuciyar mai bi, wato ganin mugu ya juyo. Kin iya ba da labari ke nan, tunda kin hana mutane barci. Ki riƙe wannan, baiwa ce. Sai dai ki saurari ƙorafinsu da kyau, waɗanda suka ce ya zama lami bayan ya tuba. Su a ganinsu tsoron Allah ne ya kashe masa armashi. Ni a ganina ke ce kika ba shi tuba mai araha. Ya yi kuka a majami'a, aka wayi gari komai ya lafa, ba mai farautarsa, ba abin da ya rasa. Labarin ya mutu a daidai inda ya kamata ya fara zafi.

Domin a wannan duniyar da kika zaɓa, ranar da mutum ya ce ya bari ita ce ranar da ransa ya fi shiga haɗari. Tommaso Buscetta, wanda ya fara tona wa alƙali Giovanni Falcone asirin Cosa Nostra, wato Mafiyar Sisili, a 1984, ya riga ya rasa 'ya'yansa maza biyu a faɗan da ya ɓarke tsakanin 'yan ƙungiyar, kuma bayan ya buɗe baki aka ci gaba da kashe danginsa. Shaidarsa ce ta zama ginshiƙin babbar shari'ar da aka yi a Falermo, babban birnin Sisili, daga 1986 zuwa 1987, inda aka gurfanar da mutum 475, aka samu fiye da 300 da laifi. Shi kuwa ya ƙare kwanakinsa a Amurka da sunan da ba nasa ba, ya mutu a 2000. Falcone kansa an tayar masa da bam a hanya ranar 23 ga Mayu, 1992, tare da matarsa da masu tsaronsa uku. Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani ɗan ƙungiyar mai suna Santino Di Matteo ya fara ba hukuma haɗin kai, sai a watan Nuwamba na 1993 wasu suka zo da kayan 'yan sanda suka ɗauke ɗansa Giuseppe mai shekara 12, suka ce masa wurin babansa za su kai shi. Kwana 779 yaron ya yi a hannunsu. A Janairun 1996 suka shaƙe shi, suka narkar da gawar a ruwan asid. Jaruminki ɗan shugaba ne, ya san sunaye, ya san inda aka binne mutane. Ya tuba, mahaifinsa ya yi shiru? Yaransa da suka yi kisa da umarninsa sun zo cin biki? Mai karatu ba sai ya san tarihin Sisili ba, jikinsa zai ba shi cewa an yi masa rowar gaskiya, kuma abin da ƙawayenki suka kira lami ke nan.

Gwaggo kuma ta yi daidai a wani wuri, ta zarce a wani. Inda ta zarce shi ne ɗaukar ayar Filibiyawa a matsayin haramcin ambaton mugunta. Da haka ne, da an cire babi da yawa daga Littafi Mai Tsarki. Ki buɗe 2 Sama'ila 11 ki karanta da idon marubuciya. Mai mulki, wato Sarki Dauda, ya ga matar wani sojansa mai suna Uriya, ya aika aka kawo masa ita. Da ciki ya bayyana ya yi ƙoƙarin rufewa, abin ya ƙi. Sai ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa a sa Uriya a inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma danƙa wasiƙar a hannun Uriya ɗin, mutumin ya ɗauki hukuncin kisansa ya kai da kansa. Babu shugaban Mafiyar da zai tsara abin da ya fi wannan tsafta. Ga iko, ga mace, ga kisa, ga aure daga baya, ga tuba. Duk kayan da kika yi amfani da su suna nan.

Bambancin yana wajen yadda aka ba da labarin. Babin ya rufe da cewa abin da Dauda ya yi mugu ne a gaban Ubangiji. Annabi Natan ya zo ya nuna shi da yatsa. An gafarta masa, ba zai mutu ba, amma jaririn ya mutu, kuma aka gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba, muka kuma ga yadda hakan ya kasance a kan 'ya'yansa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Matiyu 1:6. A jerin kakannin Yesu, da aka zo kan mahaifiyar Sulemanu, ba a kira sunanta ba, aka ce wadda dā matar Uriya ce. Ƙarni bayan ƙarni sun shuɗe, Dauda ya zama sarkin da ake alfahari da shi, amma marubucin bishara bai bar sunan wanda aka kashe ya ɓace ba. Ke kuma mai shagonki ya faɗi a babi na uku domin mai karatu ya san jarumin ba na wasa ba ne, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, balle matarsa. A nan ne kwalliyar da Gwaggo take magana ta shigo, ko da ita ba a nan ta sa yatsa ba. Rubuta mugu ba laifi ba ne. Share hawayen waɗanda ya zalunta daga shafi domin a ji daɗin sonsa, wannan shi ne matsalar.

Akwai kuma wani kuskure a tushen labarin, irin wanda masu rubuta wannan nau'i suke yawan yi. Ana zana ɗan Mafiya kamar wanda bai taɓa jin sunan Allah ba, sai wata baiwar Allah ta zo ta sanar da shi. Tarihi bai nuna haka ba. Waɗanda suka fito daga Cosa Nostra sun bayyana yadda ake rantsar da sabon shiga: a huda masa yatsa, a ɗiga jinin a kan hoton wani waliyyi, a cinna wa hoton wuta yana jujjuya shi a tafin hannu yana rantsuwa cewa haka namansa zai ƙone idan ya ci amana. Bernardo Provenzano, wanda ya yi shekara 43 yana ɓuya kafin a kama shi a wani gidan gona kusa da Korleyone a Afrilun 2006, an same shi da Littafi Mai Tsarki duk ya ja layi a ƙarƙashin ayoyi, kuma 'yan takardun da yake aika umarni da su sukan ƙare da sa albarkar Ubangiji. Mutanen nan suna kai 'ya'yansu baftisma, suna ba da kuɗin bukukuwan coci, suna neman sahun gaba. Saboda haka ganin jaruminki a durƙushe a majami'a yana hawaye ba hujja ba ce ta komai. Mai yiwuwa kowace Lahadi yana can.

Shi ya sa ikilisiya a Italiya ta kai ga yin magana da babbar murya. A Mayun 1993, a Agrijento, Paparoma John Paul na biyu ya ɗaga murya ya kira 'yan Mafiya su tuba, ya ce hukuncin Allah yana zuwa. Wata huɗu bayan haka, ranar 15 ga Satumba, aka harbe Fada Pino Puglisi a ƙofar gidansa a unguwar Brancaccio ta Falermo, a ranar da ya cika shekara 56. Laifinsa shi ne yana janye yaran unguwa daga hannun 'yan ƙungiya, yana ƙin karɓar kuɗinsu, yana hana su jagorantar jerin gwanon coci. Wanda ya harbe shi, Salvatore Grigoli, ya faɗa daga baya cewa limamin ya yi musu murmushi ya ce dama yana tsammanin haka, kuma wannan murmushin bai bar shi ya huta ba. Grigoli ya amsa laifinsa, ya faɗi sauran kashe-kashen da ya yi, ya ba da shaida a kan waɗanda suka aike shi. A 2014 kuma, a Kalabriya, Paparoma Francis ya faɗa a fili cewa 'yan Mafiya a waje suke da tarayyar ikilisiya. Ko wace ɗarika kike bi, ki lura da inda alherin Allah ya shiga wannan labarin. Ya shiga ta hannun wanda aka zalunta, kuma ya kai mai laifin gaban alƙali yana faɗin gaskiya. In kina neman abin da zai sa tsigar jikin mai karatu ta tashi, ga shi nan, ya fi kuka a gaban bagade.

Sai gidan bakin teku. Da kuɗin wa aka gina shi? Kin sani, domin ke kika rubuta babi na uku. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna cin abinci ne da kuɗin tilas da suke karɓa daga masu shaguna da masana'antu da sunan ba su kariya, da safarar ƙwaya, da bashi mai ruwa mai karya mutum, da murɗe kwangiloli. Libero Grassi, mai masana'antar tufafi a Falermo, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a jarida a Janairun 1991 ya ce ba zai biya ba. A ƙarshen Agustan shekarar aka harbe shi a kan titi yana hanyar zuwa aiki. Mai shagonki ɗan'uwan wannan mutumin ne. Kin ɗauki nas mai tsoron Allah kin kwantar da ita a ɗakin da aka gina da jininsa, kin ce mana wannan shi ne kyakkyawan ƙarshe.

Bishara ba ta san irin wannan tuban ba. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne, ya yi arziki da matse mutane. Da Yesu ya shiga gidansa, Zakka ya miƙe tsaye ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zambata zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne aka ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Ki yi lissafin abin da zai rage wa mutum bayan wannan. Yahaya Mai Baftisma da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, cewa ya yi kada su yi wa kowa ƙwace, su wadatu da albashinsu. Ɓarawon da ke kan gicciye ya sami alkawarin Firdausi, amma da bakinsa ya ce abin da suke sha daidai yake da aikinsu, kuma ba a sauke shi daga gicciyen ba. Ko dokar Italiya ta gane wannan. Bayan ƙungiyar Libera mai yaƙi da Mafiya, wadda Fada Luigi Ciotti ya kafa a 1995, ta tara sa hannun mutane kimanin miliyan ɗaya, an yi doka a 1996 da ta ba da damar mayar da kadarorin da aka ƙwace daga 'yan Mafiya ga amfanin jama'a. Gidaje da gonakin manyan 'yan ƙungiya sun koma makarantu, ofisoshi da gonakin haɗin gwiwa na matasa. To in hukuma ta san gidan ba nasa ba ne, bai kamata littafin Kirista ya kasa sani ba.

Yanzu jarumar, kuma a nan nake tare da Gwaggo ɗari bisa ɗari, ko da ba ta faɗa da waɗannan kalmomin ba. Ki cire kyawun fuskarsa da tsadar motarsa ki sake karanta abin da ya faru. An ɗauke mace ba da yardarta ba, an kulle ta a gida, an raba ta da aikinta da mutanenta, an ce don ana sonta ne. Ita kuma ta zauna tana addu'a har ya canza. Ƙawarki da ta ce Allah ya ba ta irinsa wasa take yi, na sani. Amma a cikin masu karanta littafinki akwai wadda saurayinta ke bincika wayarta, yake hana ta fita, wadda ba ta san inda kuɗinsa ke fitowa ba kuma tana tsoron tambaya. Ita ba za ta ɗauka wasa ba ne. Za ta karanta cewa haƙuri da azumi za su mayar da shi mutumin kirki, kuma guduwa rashin bangaskiya ne. Bulus da kansa, yana magana da waɗanda suka riga suka yi aure ma, ya tambaya a 1 Korintiyawa 7:16, ke mace, ina kika sani ko za ki ceci mijinki? Mai ceto ɗaya ne, kuma ba budurwar kowa ba ce.

In kina son ki ga yadda zama da irin wannan namijin yake ƙarewa, ki karanta tarihin Lea Garofalo. Ta haifi 'ya da wani ɗan ƙungiyar 'Ndrangheta, wato Mafiyar yankin Kalabriya, ta rabu da shi, ta ba hukuma shaida, ta yi shekaru tana ɓuya da 'yarta Denise. A Nuwamban 2009 ya kira ta Milan wai su tattauna makomar yarinyar. Ba a sake ganinta da rai ba. An kashe ta, an ƙona gawar, kuma 'yar ce ta tsaya a kotu ta ba da shaida a kan mahaifinta har aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Ba ina cewa mutum ba ya fita ba, ko kuma mace ba ta zama sanadi. Michael Franzese, wanda ya riƙe muƙami a gidan Colombo na Mafiyar New York, yana yawo yana ba da shaida cewa haɗuwarsa da matarsa Kirista ce ta fara juya shi. Amma ya amsa laifi, an yanke masa shekara 10, an ɗora masa biyan diyyar miliyoyin daloli, kuma a kurkuku ya zauna da Littafi Mai Tsarki. Ko Shawulu mai tsananta wa masu bi, da ya ga haske a hanyar Dimashƙu, Hananiya sai da ya yi gardama kafin ya je wurinsa, kuma da ya zo Urushalima almajirai suka ƙi yarda da shi don tsoro, sai da Barnaba ya tsaya masa. Ba wanda ya zarge su da rashin bangaskiya. Jarumarki ma tana da ikon ta ji tsoro, ta ƙi, ta jira ta gani.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Zan bar farkon yadda yake, tunda yana aiki. Amma zan sa ta kira abin da aka yi mata da sunansa a gaban idonsa, ta nemi a buɗe mata ƙofa, kuma ranar da ya buɗe ta fita, ta koma bakin aikinta ba tare da ta yi masa alkawarin komai ba. Tubansa ya zo bayan ta tafi, lokacin da ba ta nan balle a ce don ya same ta ne. Sannan zan janyo tuban daga babin kusa da ƙarshe in kawo shi tsakiyar littafi, domin rabin labarin yana bayansa: zuwansa wurin mai gabatar da ƙara, fuskar mahaifinsa, mahaifiyar da za ta ce ba ta haife shi ba, gidan da za a rufe da hatimin hukuma, shekarun da zai yi a tsare. A cikin wannan rabin ne matar mai shagon za ta dawo. Ki ba ta suna, ki ba ta 'ya'ya, ki nuna mana ita tana ɗaga ƙofar shagon da safe ita kaɗai, da littafin bashin da mijinta ya bari da rubutun hannunsa. Kuma kada ki tilasta mata ta yafe domin babin ya rufu da kyau. Wataƙila ta yafe, wataƙila ta mayar masa da wasiƙarsa ba ta buɗe ba. Gafarar Allah ba ta jiran tata, amma ita ma ba bashi ba ce da jarumin zai zo karɓa.

Za ki iya ɗaura musu aure a ƙarshe, masu karanta soyayya suna da haƙƙin wannan. Sai dai aure ne na mutumin da ya fito da ƙaramar jaka, mai neman aikin hannu, mai amsa sunan da ba a haife shi da shi ba, mai waiwaye idan babur ya rage gudu a bayansa. Idan ta zaɓe shi a haka, mai karatu zai yarda cewa shi take so. A yadda kika rubuta yanzu, ba mai iya rantsewa ko shi ne, ko gidan.

Ki sa a ranki za ki rasa wasu masu karatu. Waɗanda bindiga da tsadaddun kaya suka kawo za su ce kin ɓata musu jarumi. Waɗannan biyun da suka ce bai dace ba, mai yiwuwa ko kin gyara ba za su karanta ba, kuma ba sai kin shawo kansu ba. Akwai wanda lamirinsa ba ya ɗaukar labarin kisa ko da yaya aka ba da shi, kuma Romawa 14 ta hana ki raina shi kamar yadda ta hana shi yanke miki hukunci. Ki rubuta a bangon littafin a fili cewa akwai tashin hankali da sace mutum a ciki, kowa ya shiga da saninsa. Ki kuma daina ƙidaya ra'ayi kamar ƙuri'a. Wanda ya ce miki ya ji daɗi ko bai ji ba, ya gaya miki halinsa ne. Wanda ya nuna miki shafi ya ce a nan na daina yarda, shi ya gaya miki wani abu game da littafin.

Gwaggo kada ki je mata da ayoyi kamar mai zuwa muhawara, ba za ki ci ba, kuma ko kin ci kin yi asara. Matar da ta riƙe ki ta karanta rabi ta ga 'yarta ta zana mai sace mace a matsayin abin so, dole hankalinta ya tashi, tana tambayar kanta me ke cikin zuciyarki. Ki je ki zauna, ki ce mata, Gwaggo, na ji maganarki, akwai inda kika fi ni gani, ina gyarawa. Ki tambaye ta wane shafi ne ya sa ta ajiye. Ki roƙe ta ta yi miki addu'a a kan aikin. In kin gama ki kai mata, in ta ce ba za ta karanta ba ki karɓa da ladabi, ki ci gaba da aikinki.

Aminiyarki kuwa, ina ganin ba fushi take yi da rubutunki kaɗai ba. Kin miƙa wa wadda aka kashe wa yaya labarin da mai kisa ya samu mata da gida, wanda aka kashe kuma ya samu layi biyu, kuma daga wasiƙarki ban ga alamar kin gargaɗe ta kafin ki ba ta ba. Ta karanta har ƙarshe tana neman matar nan, don ita ce ta san matar, a gidansu take. Ki je wurinta ba tare da takardun ba. Ki ce kin ba ta abin da bai kamata ki ba ta haka kawai ba, ki nemi gafara, ki ce tambayarta ta yi daidai. Kada ki nemi ta ba ki labarin yayanta don ki gyara babi, baƙin cikinta ba kayan aikinki ba ne, sai in ita ta ga dama wata rana ta buɗe zancen da kanta. Kada kuma ki ce za ki kawo mata sabon ta duba. In ta tambaya ki ba ta, in ba ta tambaya ba ki nemi wani mai karatun da zai iya nuna miki shafi.